Buhun Katunan Malam Idi

Shekara goma sha biyu ke nan cif da muka kai yayana, Malam Idi, makwancinsa a nan Azare. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Duk shekara idan watan ya kama sai in ce zan rubuta wani abu a kansa, sai kuma in fasa, don na san idan na buɗe baki ba yabo kaɗai zai fito ba. Bana dai na gaji da haɗiyewa.

Ni tela ne, karatuna bai yi nisa ba. Shi kuwa ya haura shekara talatin yana koyar da Turanci a wata sakandare. Ɗalibai suna kiransa Malam Kwali a bayan idonsa, ya kuma sani sarai. Mutumin nan ba ya wuce kwali a ƙasa. Na sukari, na sabulu, na ganyen shayi, duk sai ya tsince ya kawo shagona, in yanka masa daidai tafin hannu, ina mitar yana dakushe mini almakashi. Sai ya ce, "Yanka dai, Sani. Kai ma kana da lada a ciki."

A kan katunan nan ya ƙarar da rayuwarsa. Cewa yake abin da ke kayar da yaranmu a Turanci shi ne sun san kalma amma ba su san abokan tafiyarta ba. Wata rana ya yi mini misali da kalmar Turancin nan "take". Mu muna shan magani, mu hau mota, mu ɗauki hoto, mu rubuta jarrabawa. Bature duk da kalmar nan guda yake yin su. Yaron da aka gaya masa ma'anarta "ɗauka" aka tsaya nan, in ji Malam, an cuce shi. Don haka kowace kalma irin wannan yana yi mata dami guda, ya ɗaure da zaren da yake kwasa a shagona. Kowane kati abokin tafiya ɗaya, jimla ɗaya, bayani da Hausa a bayansa. Jimlolin ma na gida ne: mai hawa motar Giade ranar kasuwa, mai shan maganin zazzaɓi da damina. Daga rediyo yake tsinto su, da takardar cikin kwalin magani, har da jaridar da aka naɗe masa tsire. Sai da akwatin ƙarfe ya cika fal. Burinsa ɗaya, su zama littafin da ɗan talaka zai iya riƙewa.

Jinyar kwana tara ya yi. Ranar rabon gado aka fito da komai tsakar gida, aka nemi takardar gidan aka rasa. Wani ya ce ai tana cikin akwatin nan da yake kullewa. Ina kallo aka riƙa tsinka zaren ana zazzage damin ɗaya bayan ɗaya a kan tabarma, aikin shekara talatin ya cakuɗe kafin la'asar. Ashe takardar tana ƙarƙashin katifa. Akwatin ya shiga gado, ya faɗa rabon babban ɗansa. Katunan kuwa, mai rabo ya jujjuya ɗaya a hannu ya ce wannan ba dukiya ba ce. Aka share su cikin buhun taki. Ni da na yanka su ban hana ba.

Hauwa, 'yarsa ta uku, lokacin tana karatun koyarwa. Ta same ni a zaure ta durƙusa. "Baffa, don Allah a bar mini buhun nan. Na san yadda Baba yake jera su."

Sai dai wani ya riga ta. Wani tsohon ɗalibin Malam, babban ma'aikaci a Bauchi, wanda ba zan kama sunansa ba, ya zo ta'aziyya ya yi kuka a gaban jama'a, ya rantse littafin Malam a wuyansa yake. Na dubi mota, na dubi babbar riga, na ce wa Hauwa, "Ke yarinya, babban mutum ya yi magana. Ina ke ina buga littafi?" Da hannuna na saka buhun a bayan motarsa.

Sawun da na yi zuwa Bauchi, Allah kaɗai ya sani. Da farko "ana kai." Daga baya "an ba wa kwamiti." Daga nan Alhaji ya daina ɗaga wayata. Bara ne maigadinsa ya ji tausayina ya ja ni gefe. Buhun bai taɓa shiga cikin gida ba. A bayan ɗakin janareta aka jingine shi, ruwa ya dake shi damina biyu, gara ta ci rabonta, sauran aka ƙone da shara. Haka na juyo gida hannu rabbana. Shi kuma wannan Alhajin, kwanan baya na ji shi a rediyo yana kukan lalacewar Turancin yara, har yana tinƙaho da cewa Malam Idi ne ya koyar da shi. Tir!

Nakan tambayi kaina me Malam zai ce da ya ga yau. Kowa da waya a hannu, ka danna kalma ta zubo maka ma'anoni kafin ka ƙifta ido. Ba na jin zai yi faɗa da wayar, don shi ba mai ƙin sabon abu ba ne. Amma da ya ga mai digiri yana roƙon mai shagon kwamfuta ya tsara masa takardar neman aiki, na san sunkuyawa zai yi neman kwali.

Dami ɗaya ya tsira, na kalmar nan "take". Ya kawo shi shagona in ƙara masa katuna ana gobe zai kwanta jinya, ya zauna a aljihun keken ɗinkina tun daga lokacin. Kunya ta hana ni nuna wa kowa. Hauwa yanzu tana koyarwa a wani ƙauye kusa da Gadau. Tana gaishe ni da ladabi duk Sallah, ba ta taɓa sake ɗago maganar buhun ba, kuma shirun nan ya fi zagi ciwo.

Makon jiya na hau mota na kai mata. Na tarar da kwalayen sabulu yankakku a kan teburinta, damammaki ƙanana ɗaure da zare, ba su cika ko kwandon cefane ba. Abin da ta iya tunowa ke nan, tana ƙarawa da nata. Abin da ya rage na Malam Idi a duniya ke nan: babu littafi, babu akwati, sai 'ya guda da ke farawa daga tushe saboda baffanta ya fi yarda da babbar riga.

Ta karɓi damin da hannu biyu, ta kwance zaren, ta daɗe tana kallon rubutun mahaifinta. Sannan ta ɗago.

"Na gode, Baffa. Amma wannan na haddace shi tun ina aji uku. Sauran nake nema."