Badaru Maƙerin Kademi

Badaru maƙeri ne a Kademi, kuma duk manomin da ke yankin ya san fartanyarsa ba ta lanƙwasa. Ranar kasuwar Ajingi yakan baje kayansa a gindin tsamiya, yana ciniki yana zolayar masu wucewa.

A daminar 1964 aka sace wa wani attajiri shanu biyu. Wani ya ce ya hango Badaru kusa da garken. Da hantsi 'yan doka, wato 'yan sandan En'e, suka zo suka tisa shi gaba zuwa ofishinsu, ko wutar maƙera bai kashe ba.

Suka ɗaure masa hannuwa ta baya da jiƙaƙƙiyar igiya, suka rataye shi a jikin azara. Igiyar na bushewa tana cin nama. Kullum tambaya ɗaya ce: "Ina shanun?" Shi kuma ya ce, "Wallahi ban sani ba." A kwana na huɗu ya ce shi ne, don kawai a sauke shi. Bayan mako biyu aka kama ainihin ɓarawon, aka ce da Badaru ya tafi gida. Yatsunsa duk sun shanye, ko cokali ba sa riƙewa.

Ƙaninsa Da'u, malamin firamare a Gaya, ya zo duba shi.

"Yaya, tsarin mulkin ƙasar nan ya hana a azabtar da mutum. A rubuce yake, da idona na gani."

"To, rubuta ƙara mu gani," in ji Badaru.

Da'u ya shigar da ƙara. Alƙali ya nemi shaida. Mutum ɗaya ne ya ga komai, Gwadabe, wanda aka tsare su tare. Da aka je masa sai ya sunkuyar da kai, ya ce, "Malam, ku yafe ni, ina da iyali." 'Yan dokan suka rantse cewa haka suka sami Badaru da shanyayyun yatsu. Aka kori ƙarar, kuma kafin shekara ta zagayo aka mayar da Da'u wata makaranta mai nisa.

Daga baya aka rushe aikin 'yan doka, wasunsu suka sauya kaki suka ci gaba da aiki. Da'u ya sake aika koke har sau biyu, ba amsa.

Badaru ya bar wa wani maƙeri zugazugansa da guduma. Matarsa Hansai ce ke noma 'yar gonarsu, ita ke ba shi tuwo a baki, ita ke zuba masa ruwan alwala. Ya daina zuwa kasuwa, ya ce kallon da ake yi masa ya ishe shi. Ya rasu a 1977, lokacin cirar gyaɗa. Mutane duk suna gona, sahu ɗaya ne ya sallace shi.