Shanun Laka a Aji Uku

Shekarar da aka tura ni wata ƙaramar sakandare kusa da Gagarawa Tasha, aji uku aka ba ni. Yaran ba sa surutu, ba sa kuma tambaya. In na juya daga allo sai in tarar rabinsu suna gyangyaɗi, don da yawansu sai sun biya gonar riɗi suke zuwa.

Da abin ya ishe ni, na ce kowa ya zaɓi abin da zai kawo mako mai zuwa: labari, waƙa, zane, ko duk abin da hannunsa ya iya. Shi zai ba kansa maki cikin goma, ya gaya mana dalili.

Ranar kuwa ajin ya cika. Yawancinsu goma suka ba kansu ana dariya. Sai wani dogon yaro da ke zama can baya, wanda rugarsu ke hanyar Sule Tankarkar, ya fito da kwali. Shanu ne na laka, kowace da irin ƙahonta da tozonta. Ya jera su a kan teburina yana faɗin sunan kowace. Ban taɓa jin muryarsa haka ba.

"Nawa ka ba kanka?" na tambaye shi.

"Huɗu, Malam."

"Wannan aikin, huɗu?"

"Na yi su da ƙiba ne. Shanunmu na gaske yanzu ba haka suke ba. Wurin da muke kiwo an kewaye shi, haƙarƙarinsu duk a waje yake. Na kasa yin su haka."

Wata yarinya da ta rera waƙa ta ɗaga hannu ta ce a mayar da nata bakwai, don baitin ƙarshe na yayarta ne.

Mun ɗan ci gaba a haka kafin shugaban makaranta ya kira ni ofis. "Malam, abin ya burge ni," in ji shi, "amma ba ya cikin manhaja, ga masu duba makarantu suna tafe daga Gumel. A koma kan allo." Muka koma. Kafin rani ya yi nisa, yaron ya daina zuwa.

Bayan wasu shekaru na gamu da shi a karar shanu ta Maigatari, yana riƙe wa wani dillali igiyar bijimi. Ya rusuna ya gaishe ni. Na tambayi shanunsu, ya ce wasu sun mutu, sauran an sayar.

"Malam, lokacin da aka hana, ai na riga na zaɓi abin da zan kawo na gaba."

"Mene ne?"

Ya buɗe baki ke nan dillalin ya daka masa tsawa, tirela ta iso za a yi lodi. Ya ja bijimin ya shige cikin mutane. Na tsaya a wurin har aka kira la'asar, bai dawo ba.