Baba Ya Tafi Duba Saniya

Hamajoɗa mijin yayata Asta ne, kuma da yake ni ƙanwar mata ce, ni kaɗai nake da izinin faɗa masa magana son raina. Na kuwa mori izinin nan har ƙarshen ransa. Dogo ne siriri, mai raba wasiƙu na gidan waya a Jimeta. Daga unguwar Ajiya yake hawa keke da safe, ya zaga Karewa da gidajen ma'aikata, wani lokaci har cikin Yola. Kowa ya san ƙararrawar kekensa, amma ba wanda zai rantse ya taɓa ganinsa yana tauna. Ko goro aka ba shi, aljihu yake sakawa. Fulako ne da shi, kunyar nan ta Fulani, irin na mutanen da, wanda in yunwa za ta kashe mutum a gaban jama'a, to sai dai ta kashe shi.

Shekara biyu bayan samun mulkin kai ya fara ramewa. Ya sha ruwa ya koma ya sha, ga yawan fitsari, har Adda Asta ta lura tururuwa na taruwa a inda ya kewaya. An sha saiwa, an sha rubutu, rigar kaki tana ƙara yi masa yawa. Da aka kai shi asibiti suka ce ciwon sukari ne, kuma irin wanda sai da allurar insulin kullum, har abada.

Wata nas, Sista Hilda, ita ta koya masa yadda zai auna maganin ya soka wa kansa a cinya. Lokacin ina zaune a gidansu, ni na raka Adda, na ji da kunnena abin da ta ce masa da Hausarta ta Jimeta.

"Malam Hamajoɗa, allura nan bai san kunya ba. In ka yi shi, ka ci abinci. Kafin azahar ka ƙara ci. In ka ji zufa da rawan jiki, ka jefa sukari a baki, ko a gaban Razdan ne."

Ya ce to, kansa a ƙasa.

A gaskiya ya riƙe ciwon nan da kyau. Kullum bayan sallar asuba Adda na tafasa sirinjin gilashi da allurar a wata 'yar tukunya da ba a dafa komai a ciki. Ba mu da firji, saboda haka kwalbar insulin a cikin jiƙaƙƙen yashin gindin randa take kwana, a naɗe da tsumma. Yana da wani ruwa shuɗi da yake dafawa da ɗigon fitsarinsa a kwalba, launin ya gaya masa ko sukarin ya hau. Boka nake ce masa in na gan shi yana ɗaga kwalbar sama yana leƙe. Da limamin unguwa ya ce masa ya bar azumi ya riƙa ciyarwa, kwana uku bai yi wa kowa dariya ba. Abincin rana kuwa, ɗakin ajiyar buhunan wasiƙu yake shiga, ya turo ƙofa, ya ci a tsaye kamar wanda ya sato. Sharaɗi ɗaya ya kafa mana: kada maganar ciwon nan ta kai Damare, gidan surukinsa, wato mahaifinmu Malam Bakari.

Shekara shida muna rufe masa asiri. Sai a bazarar shekarar da ta biyo bayan kafa Jihar Arewa maso Gabas aka yi sunan ɗan da aka haifa wa wanmu Salihu a Damare. Mu mata mun riga Hamajoɗa tafiya da kwana biyu. Shi ya yi allurarsa da asuba, ya sha ɗan kunun da ya dama da kansa, ya kama hanya. Tayar keke ta fashe a rabin tafiya, ya ƙarasa da turi cikin rana. Ya iso an riga an raɗa suna, baƙi sun ragu, ya tsuguna a bakin zaure ya gai da Baba. Baba ya ce ya shigo, ya shiga ya zauna can gefen tabarma.

Ni aka ba ƙwaryar fura da akushin tuwo na kai. Da na ga goshinsa na san akwai magana, zufa ce ke tsiyaya, hannunsa na rawa a kan gwiwa.

Na ce a hankali, "Hamma, ka sha."

Ya ce, "Alhamdu lillahi, a ƙoshe nake."

Ƙoshin me? Ga ƙwayoyin sukari huɗu a aljihunsa, ni na ƙulla masa su a hankici, amma ya kai hannu baki a gaban suruki? Ai gara a ɗauki gawarsa. Na koma bayan zana na tsaya ina leƙe, raina a ɓace, tsoro kuma ya kama ni.

Ba a jima ba maganarsa ta fara harɗewa. Ya miƙe ƙafa zuwa wajen Baba, abin da bai taɓa yi ba, sannan ya dube shi ido cikin ido ya ce, "Bakari, ina wasiƙarka?" Sunan suruki gatsal, a bakin Hamajoɗa. Dattawan da ke zaure suka shiga salati. Wani ya ce iska ce ta buge shi a hanya, a kawo hayaƙi. Wani ya sunkuya yana shinshina bakinsa ko ya sha wani abu.

Nan na manta da sharaɗi, na manta da cewa zauren maza ne. Na faɗa ciki na ce, "Baba, ba iska ba ce. Ciwon sukari gare shi, allura yake yi. In bai sha wani abu yanzu ba, mutuwa zai yi, kuma kunyarka ce ta hana shi."

Baba bai tambaye ni komai ba. Da na zaro hankicin daga aljihun Hamajoɗa, Baba ya ce in kwance shi, ya zuba sukarin a fura, ya dama da ludayi. Ya tallafo kan surukinsa da hannu ɗaya, ya riƙa ba shi a baki kaɗan-kaɗan. Kafin a kira azahar Hamajoɗa ya dawo hayyacinsa, ya ga ludayi a bakinsa, ya ga hannun wanda ke riƙe da shi. Da ƙasa ta tsage a lokacin da ya shige.

Wata goma sha ɗaya bai taka Damare ba, ni kuma wata uku bai amsa gaisuwata ba, ban kuwa ba shi haƙuri ba. Sai Baba ya aiko masa cewa ido ya yi rauni, yana son mai karanta masa wasiƙun Salihu, wanda aka mayar da aikinsa Maiduguri. Ba yadda zai yi, ya je. Ana ajiye abinci a zaure, Baba ya jawo sandarsa ya miƙe.

"Bari in je in duba saniyar nan," in ji shi.

Saniya ɗaya ce ta rage masa, lafiyarta ƙalau. Ya je ya tsaya a turke yana kallonta har sai da ya ga an fito da akushi. Daga ranar haka suka riƙa yi. Ba wanda ya taɓa ambaton ciwon a tsakaninsu. Da aka sayar da saniyar bayan shekara uku, Baba bai fasa zuwa duba ta ba, turken yake zuwa ya tsaya. Nakan ce wa Hamajoɗa babu saniyar da ta sha dubiya a ƙasar Adamawa kamar wannan, ya yi kamar bai ji ba.

Shi Hamajoɗa ya daɗe bayan haka. Ya yi ritaya, ya aurar da 'ya'ya, ya ga firji da sirinjin roba, ko da yake ganinsa ya ragu a ƙarshe. Amma in na tuna shi, ranar da ke zuwa mini ita ce ta daminar 1975, lokacin da Baba ke kwance ciwon ajali, ko zama ba ya iya yi. Hamajoɗa ya zo dubiya tun hantsi, ya zauna a ƙofar ɗakin har rana ta take. Na kawo abinci na ajiye, na ga zufar nan ta fara tsatsafo masa a goshi. Ba zai tashi ya bar majinyaci ba, ba kuma zai ci ba. Na buɗe baki zan yi faɗa.

Baba ya riga ni. Ya yunƙura da ƙyar ya juya fuskarsa bango, ya ja mayafi ya rufe kansa. Daga ƙarƙashin mayafin muka ji muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Na tafi duba saniya."

Hamajoɗa ya jawo akushin. Yana ci hawaye na zuba masa, ya cinye tas, sannan ya rufe akushin da ƙarfi yadda Baba zai ji ya gama.