Kayan Cikin Agogon Baba

Agogon aljihun Baba mai murfi ne, gadon kakanmu da ya yi wa masu sayen gyaɗa awo a tashar jirgi. Da idanun Baba suka tafi, ya daina neman lokaci a jikinsa, ladan ya ishe shi. Kara shi yake yi a kunne, ya yi ta sauraro. Shekarar da kogi ya cinye mana shinkafa, ya kwantar da gidanmu na Guri, muka koma Haɗeja wurin yayana, agogon kaɗai Baba ya fito da shi a hannu. Ba mu daɗe ba agogon ya tsaya. Baba kuma ya fara ture kwano.

Ni na kai shi wurin wani dattijo mai gyara a kasuwa. Ya buɗe bayan, ya shinshina, ya ce, "Hajiya, wa yake ba shi man gyaɗa?"

Baba ne. Duk Juma'a yakan ɗiga masa da gashin kaza, wai kada ya ji ƙishi.

Dattijon ya miƙo mini gilashinsa. Na ga wani ɗan wili mai haƙora, kusa da shi bututu mai tsaga, bai kai kaurin karan shinkafa ba. Ya ce in ba don su ba, ƙarfin murɗin da aka yi wa agogo zai kwarare gaba ɗaya kamar an fasa jinga. Bututun ne ke tare haƙori ɗaya, ya sake shi, ya tare na gaba, ƙarar da ake ji ke nan. Wannan tsohuwar ƙira ce, haƙoran kullum suna gugar bututun. Daga baya aka koma wa wata mai 'yar gwafa da duwatsu biyu, ta taɓa ta saki, shi ya sa take ƙarko. Namu kuwa, mai ya daskare da ƙura, ya cinye bututun. An daina ƙera irinsa tun kafin a haife mu.

Yayana, sarkin dabara, ya ce a zuba masa inji mai batir, ai makaho ba zai gane ba. Na ce masa wallahi bai san ubansa ba. Ya yi abinsa, ya kai wa dattijon ya zuba.

Baba ya kara a kunne. Tsohon bugu sauri gare shi, wannan kuwa sai ya buga ya huta. Ya ajiye a tabarma.

"Uwata," ya ce da ni, don sunan mahaifiyarsa na ci, "ina kuka kai kayan cikinsa?"

Zuciyata ta karye. Na koma kasuwa ina addu'a. Allah Ya taimake ni, dattijon bai zubar da kayan ba, ya mayar da su yadda suke.

Agogon bai tashi ba. Amma in an girgiza shi, yakan ɗan buga kafin ya yi shiru, Baba kuma ya gano haka da kansa. Ya koma shan kunu. Da hannunsa ya gaza, ni nake girgiza masa, in kara masa a kunne, in ya tsaya Baba ya ce, "Ƙara."

Wata safiya bayan sallah na girgiza, na kara masa. Ya buga, ya tsaya. Na zauna riƙe da shi ina jira a ce in ƙara.