Kwanon da Gwaggo Ta Wanke

Ko zan manta komai na zamana a Kuala Lumpur, ban da ranar da Gwaggo ta wanke mini kwano. Shekaru sun shuɗe, amma har yau abin yana raina.

Lokacin ina digiri na uku a jami'ar da ke Jalan Semarak, bincikena a kan wani jirgin 'yan kasuwa ne da ya nitse tun zamanin da. Masana sun ce guguwa ce ta kifar da shi. Wani tsoho kuwa, da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana nutso tare da masu neman dukiyar ƙarƙashin teku, ya ce atafau 'yan fashi ne. Pak Cik nake ce masa, yadda ake kiran dattijo a can. Ba ya ɓoye cewa fashin teku sana'ar kakanninsa ce. A wurin mai shayi yakan ba ni labarinsu, yadda suke laɓewa bayan tsibiri a ƙananan jirage, su jira iska ta ɗauke, babban jirgi ya tsaya cak, sai su yi masa ca. Su kwashi zinariya da alharini, su cinna wa sauran wuta. Tangaran ba sa ɗauka, nauyi gare shi.

Hujjarsa ɗaya ce, wani kwanon tangaran na cikin jirgin, wanda kamfanin da ya yi wa nutso ya bar masa tukuici. Rabinsa teku ta lulluɓe da ɓawo mai tauri kamar siminti, a cikin ɓawon ga gawayi, ga wani ɗan dunƙule da ya rantse harsashin dalma ne. In gwaji ya tabbatar, maganarsa ta fito, ni ma bincikena ya tsaya da ƙafafunsa. Na daɗe ina lallaɓa shi kafin ya ba ni aro.

Malamina ya ce kafin gwaji sai an jiƙa shi a tataccen ruwa, ana canzawa, gishirin ya fita. Hutu ya zo aka rufe ɗakin gwaji, sai na kawo kwanon gidana a unguwar Wangsa Maju, na ajiye a roba a lungun kicin. A makon ne Gwaggo, yayar babana, ta zo sarin yadi da mayafai, ta sauka a wurina. Da bakina na nuna mata robar na ce aikin makaranta ne, kada a taɓa. Ta leƙa, ta taɓe baki, ta ce to.

Washegari na dawo daga laburare da la'asar, na tarar da ita a falo ta miƙe ƙafa. A gabanta wani farin kwano ne mai zanen shuɗin kifi, sai ƙyalli yake, an cika shi da dabino. Har na fara yaba shi, sai na tuna da robar kicin.

"Gwaggo, ina kika samu wannan?"

"Naki ne mana. Ke da kunyarki, mace har mace, ki jiƙa kwano har ya yi tsiro? Sai da na sa wuƙa da soson ƙarfe, na bi da lemon tsami. Dubi hannuna."

"Ina abin da kika kankare? Research ɗina ne fa, Gwaggo!"

"Dattin? Yana shara."

Na sauka a guje ko takalmi babu. Motar shara ta riga ta wuce. Abin da ya kwana ɗaruruwan shekaru a ƙasan teku, bai ƙetare wuni ɗaya a hannun Gwaggo ba.

Wallahi ba asarar ce ta fi ƙona mini rai ba. Da na dawo ina kuka na ce ai na hana, sai ta ɗauki waya ta kira babana, wai daga taimako na ɗaga mata murya a ƙasar mutane. Baba bai tambayi wane kwano ne ba. Cewa ya yi, "Yanzun nan ki ba ta haƙuri." Ni aka yi wa ɓarna, ni ce kuma na durƙusa na ce, "Ki yafe ni, Gwaggo. Sannu da aiki." Ta ce ba komai, ai gyara yaro dole ne. Ta koma Kano tana ba da labarin yadda ta tarar boko ya mai da ni ƙazama, dangi suna ta dariya. Har yau ba wanda ya ce mini sannu.

Na naɗe kwanon a tawul na kai wa Pak Cik. Na so ya yi faɗa, ya zage ni, ko na samu sauƙi. Bai yi ba. Ya daɗe yana shafa wurin da ɓawon yake da babban yatsa, sannan ya ce, "Ya yi kyau. Yanzu kamar na kanti." Ya sa shi a jaka, ya tashi. Bai sake ba ni labarin kakanninsa ba. Ni kuma dole na sauya akalar bincikena, kuma a littattafai har gobe guguwa ce ta kifar da jirgin.

Na san Gwaggo ba mugunta ta nufa ba, kuma wannan ne ma yake ƙara ba ni haushi, don a wurinmu da zarar an ce niyya mai kyau ce, kuma babba ne ya yi, magana ta ƙare. Abin da na koya shi ne girma ba ya ba mutum ikon taɓa abin da bai sani ba, kuma ƙarami ma yana da abin da in ya ce kada a taɓa, sai a bari. Yanzu ni ma ana ce mini Gwaggo. In na shiga gidan 'ya'yan ƙannena, ko tsumma na gani a ƙasa, sai na tambaya kafin in ɗaga.