Baba Sannu, Wanda Ya Ƙi Goge Garin Yayana

"Ba zan goge ba, Maigida."

Maganar farko ke nan da na ji daga bakin Baba Sannu, ranar da na shiga shagon gyaran kwamfuta rungume da tsohuwar laftof ɗin marigayi yayana. Mai shagon ya riga ya yanke hukunci: a yi mata fomatin, komai ya tafi, a sallame ni, mutane na jira.

"Kowa haka yake yi," in ji shi.

Baba ya ce, "Kowan ya yi. Ni dai ban taɓa ganin an sare kai don yana ciwo ba."

Saboda rashin gaggawarsa aka laƙaba masa wannan suna. Kullum da safe yakan shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, ya jera sukudireba, da tsohon buroshin haƙori, da gwangwanin da yake tara memori, wato ƙwaƙwalwar kwamfutocin da suka mutu. Ba ya kwance na'ura sai ya kara kunne ya saurari fankarta, sannan ya tambayi mai ita abin da ke ciki.

Ni ma ya tambaye ni. Na ce akwai gem a ciki, wato wasan kwamfuta da ake gina gari. Yaya ya gina wa Inna gida mai lambu a ciki, ni kuma ya yi mini makaranta a bakin kogi. Tun rasuwarsa nake shiga ina yawo a titunan. Yanzu hoton sai ya riƙa ciccijewa, ya sandare, na'urar ta yi zafi kamar dutsen guga.

Wani mai jira ya tuntsire da dariya. "Budurwa da digirinta, tana jimamin gem!"

Na kalle shi ido cikin ido har ya koma latsa wayarsa.

"Zauna ki buga, 'yata, in ga inda take tuntuɓe," in ji Baba.

Ya nuna mini tarkacen manhajojin da ke tashi da kansu suna cinye memori, ya kashe su. Ya share ƙurar da ta toshe fanka har ta zama kamar auduga. Ya laluba gwangwaninsa ya ƙara mata memori. A ƙarshe ya rage wa wasan ado.

"Garin zai rasa inuwa," ya ce, "amma za ki yi tafiya a cikinsa."

Har yau bishiyoyin lambun Inna ba su da inuwa, kuma har yau ina zuwa.

Ba ni kaɗai ba ce. Ku tambayi telar da ya ceto wa hotunan ɗinkinta, ko direban da muryar mahaifinsa ke cikin wata kwamfuta da kowa ya ce ta mutu.

Baba, kai ne mai tambaya kafin ka taɓa. Kai ka san abin da ke cikin na'ura wani lokaci ba shi da na biyu a duniya. Na gode, Allah Ya saka da alheri. Masu gyara na yanzu, ku koyi wannan tambayar tasa.

Amma ku san farashinta. Mai shago ya gaji da jinkirinsa, ya ba wani mai saurin hannu teburin. Baba ya koma ƙarƙashin matakalar bene, kusa da hayaƙin janareta, ya ci gaba da aiki a duhu har idanunsa suka dushe. A watan nan ya naɗe farin ƙyallensa, ya bar aikin. Bai taɓa mallakar shago ba, kuma ko garin da ya ceto mini ba ya iya gani.