Ƙugiyar Marigayi

Wata rana na bi Baba Jatau bakin dam ɗin garinmu, wai ni ma zan koyi kamun giwan ruwa. Ni da ko tarwaɗa ban taɓa kamawa ba sai a cikin miya.

Baba Jatau tsohon masunci ne. Yatsu uku ne a hannunsa na dama, kuma ba ya son a tambaye shi ina sauran.

Fatsar da yake koyarwa ba irin ta tana ba ce. Ƙugiya ce mai kan dalma, an ɗaura mata gashin zakara. Ka jefa, ka bari ta nutse har ƙasa, sai ka riƙa ɗaga sanda a hankali kana saki, tana 'yan tsalle-tsalle a ƙasan ruwa kamar ƙaramin kifi mai ciwo. Babban kifi ya gani, ya ce banza ta faɗi.

Sai dai ƙasan dam ɗin nan cike yake da kututturan itatuwan da ruwa ya cinye tun zamanin da aka tare kogin.

Shi ya sa dokar Baba ɗaya ce: in ta maƙale, ka yanke. Kada ka kuskura ka naɗe zaren a hannunka.

A kan dutsen da ke gefenmu akwai wani bawan Allah, baƙo, shi ma koyo yake. Ya ji dokar da kunnensa, har ya gyaɗa kai. Ƙugiyarsa mai jan gashi ce, tsohuwa, kafin ya jefa sai ya shafa ta kamar mai lallashin jariri.

Bayan la'asar hadari ya haɗo daga gabas.

Iska ta ɗauke cak. Ruwan ya yi baƙi ƙirin, tsuntsayen da ke ta kuka ɗazu duk suka yi tsit. 

Baba ya ce mu tattara.

A daidai nan ƙugiyar baƙon ta maƙale.

Ya ja, ba ta zo ba. Ya koma hagu ya ja, ya koma dama ya ja. Shiru.

Sai ya ajiye sandar, ya kama zaren, ya naɗa a wuyan hannunsa. Zaren nan mai kauri ne, wanda ko akuya ka ɗaure da shi ba za ta tsinka ba.

Ya sauka daga kan dutsen. Ruwa ya kai masa idon sawu. Ya kai gwiwa.

Baba ya daka masa tsawa, "Malam, yanke!"

Bai ko waiwayo ba. "Baba, ta ƙanena ce, marigayi. Shi ya ɗaura gashin nan da hannunsa. Kututture ne kawai, yanzu zan ciro ta."

"Kututture ba ya tafiya. Dubi zarenka."

Muka duba.

Jama'a, zaren yana tafiya. A hankali, ba gaggawa, yana yanka ruwa ya nufi tsakiyar dam.

Kafin in ce innalillahi an fizgi mutumin nan gaba. Ruwa ya kai masa ƙirji. Yana ƙoƙarin warware zaren, zaren ya riga ya nutse cikin fata, jini yana bin gwiwar hannunsa. Ƙafarsa tana neman ƙasa, ƙasa tana zamewa.

Ni kuwa, mai bakin nan da kuka sani, na daskare a tsaye.

Tsohon ne ya faɗa ruwa da wuƙa a baki. Ya cafki wuyan rigarsa da yatsun nan uku, ya kai wuƙa sau ɗaya.

Zaren ya tsinke. Ragowarsa ta yi ƙasa, ruwa ya rufe kamar ba a yi komai ba.

Har yau ban san abin da ke ƙarƙashin nan ba. Ko giwan ruwa ne, ko kada ne, Allah masani. Bai nuna ko bayansa ba.

Da muka jawo mutumin bakin gaɓa, kun san abin da ya fara yi? Kuka. Ba don hannun ba. Cewa yake abin da ya rage masa na ɗan'uwansa ke nan, an yanke masa.

Raina ya ɓaci, na buɗe baki zan wanke shi tas. Baba ya ɗaga mini hannu.

Ya yage bakin rawaninsa yana ɗaure masa ciwon, ya ce, "Ƙanenka ƙugiya ya bar maka. Bai bar maka wasiyyar ka bi shi ba."

Sannan ya miƙa masa hannun nan mai yatsu uku, ya bar shi ya ƙare masa kallo.

"Ni ba a samu mai wuƙa kusa ba."

Aka fara yayyafi. Muka kwashe kayanmu, muka kama hanyar titi.

Darasi: Abin da ya maƙale maka a rayuwa, ko soyayya ce, ko gaba ce, ko baƙin cikin wanda ya riga mu gidan gaskiya, kada ka naɗe shi a hannunka don yana da daraja a wurinka. Kai kana ganin kai ke ja, alhali janka ake yi. Yanke tun ruwa yana idon sawu.

Ka san wani da ruwa ya fara kai wa gwiwa? Tura masa wannan yau, kafin ya kai ƙirji.